WAI TALAKA YA GAMSU DA AWON ƘANJAMAU, TO WA YA TAMBAYE SHI?

Jama'a, akwai wata magana da ta zama kamar waƙa a bakin manyan ma'aikatun lafiya na ƙasar nan, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau a wannan mako. Duk sa'ad da ranar 1 ga Disamba ta zagayo, watau ranar da duniya ta keɓe tun 1988 don tunawa da cutar ƙanjamau, ko kuwa aka yi wani babban taro a otal, sai ka ji ana ta yabon kai, wai an auna jinin mutum kaza, an buɗe wurin awo kaza, kuma wai an tambayi masu zuwa awon sun ce sun gamsu da yadda ake karɓarsu da irin shawarar da ake ba su. Sai a tafa, a sha lemo, a watse. Mu kuwa da talakawa ke kawo wa kukansu a ofishin jam'iyya safe da yamma, abin da kunnenmu ke ji daban ne. Don haka muka ga wajibi ne mu tambaya, wane ne ya gamsu, wa ya tambaye shi, a ina aka tambaye shi, kuma da wane harshe?

Kafin mu ci gaba bari mu toshe wata kafa, don mun san halin 'yan kanzagin Gwamnati, gobe-gobe za su bi gari suna cewa jaridar 'yan hamayya ta hana mutane zuwa asibiti. Ƙarya ce tun ba su faɗa ba. Awon jinin nan alheri ne, kuma muna kira ga kowane ɗan jam'iyyarmu, namiji da mace, ya je a auna shi. Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cutar nan takan zauna a jikin mutum shekara da shekaru yana ci yana sha yana zuwa gona, ba mai dubansa ya gane, shi kansa bai sani ba, alhali kuwa tana cin garkuwar jikinsa kamar yadda gara ke cin azara. Sai garkuwar ta karye sa'an nan tari da zawo da rama su taso masa, wannan ne ake kira ƙanjamau. Wanda aka gano nasa da wuri ya kama shan magani, ƙwaya ɗaya kullum ga yawancin manya, ba lalle ne ya kai ga wannan hali ba. Zai yi aure ya haihu, har ya tsufa cikin jikokinsa. Likitocin duniya ma sun tabbatar cewa wanda ya riƙe magani har ƙwayar cutar ta yi ƙasa ƙwarai a jininsa, yadda na'ura ba ta iya ganinta, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciyar aure. Kun ga ashe sunan nan na "kabari kusa" da aka laƙaba wa cutar a dā ya riga ya tsufa. Abin da ya rage shi ne ƙofar da mutum zai bi ya kai ga maganin, ƙofar kuwa ita ce ɗakin awo. In ƙofa ta yi ƙunci, ko aka sa mata mugun mai gadi, ina amfanin abin da ke cikin ɗaki?

Kada kuma a ce ba mu san abin da aka yi ba. Mun sani sarai. A 1986 aka fara ba da sanarwar samun cutar a Nijeriya, aka yi shekaru ana gardama, waɗansu na cewa ciwon Turawa ne, waɗansu na cewa sammu ne. Zuwa 2001 awon da aka yi wa mata masu ciki a asibitoci ya nuna kusan 6 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da magani ga manya 10,000 da yara 5,000, a 2006 aka mai da maganin kyauta, a 2016 kuma ƙasar ta karɓi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa duk wanda aka samu da ƙwayar a ɗora shi kan magani nan take, ba sai an jira ya kwanta ba. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin Maris na 2019, ya nuna mutum 14 ne cikin kowane dubu ke ɗauke da ita daga ɗan shekara 15 zuwa 49, kuma mata sun ninka maza. An ƙiyasta jimlar masu ita, manya da yara, wajen mutum miliyan 1.9. A arewa maso yamma 6 ne cikin dubu, a arewa maso gabas 11, a arewa ta tsakiya 21. Wani zai ce ai na arewa maso yamma kaɗan ne. To, ya ɗauki alƙalami ya lissafa 6 cikin dubu a jihohi bakwai masu miliyoyin jama'a, sa'an nan ya dawo ya gaya mana ko kaɗan ne.

YADDA AKE SAMO GAMSUWAR

To, ga yadda yawanci ake samo wannan gamsuwa da ake taƙama da ita. Mutum ya fito daga ɗakin awo, auduga na manne a yatsansa, gabansa bai daina faɗuwa ba, sai wani mai biro da takarda ya tare shi a bakin ƙofa, nan cikin harabar asibitin, ya ce yana da 'yan tambayoyi. An karɓe ka da kyau? An yi maka bayani? Ka gamsu ƙwarai, ko ka gamsu kawai, ko ba ka gamsu ba? Sau da yawa mai tambayar nan da ma'aikatan wurin aka gan shi yana hira da safe, ko ma yana sanye da irin rigarsu. Malamin da ake tambaya a kansa yana nan taku biyar, yana ji. In kuwa an sami mutumin da ƙwayar, to, a hannun wannan malami zai riƙa karɓar magani wata da watanni, kuma asirinsa na cikin littafin da ke kan teburinsa. Don Allah, jama'a, wane mahaukaci ne zai ce bai gamsu ba?

Wanda ya san Bahaushe ya san in ka tarar da shi kwance rai a hannun Allah ka ce masa yaya jiki, "da sauƙi" zai ce maka. Tun muna yara aka hore mu cewa ƙorafi a kan abin da aka ba ka kyauta butulci ne. Har wa yau talakan ƙasar nan ya daɗe da koyon cewa duk mai riƙe da takarda da alƙalami hukuma ne, tun zamanin malamin haraji da na jangali da duba-gari, kuma amsar da ta fi lafiya a gaban hukuma ita ce "ranka ya daɗe, komai daidai." Mu akawuna ne, cika takarda sana'armu ce, mun kuwa san takarda ba ta gardama, abin da ka rubuta mata shi za ta ɗauka. Daɗin daɗawa tambayoyin nan da Turanci ake tsara su a ofis, sa'an nan a juya su Hausa, wani lokaci ma a baki kawai, yadda ya zo wa mai tambaya. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye ina ta ga bambancin "na gamsu" da "na gamsu ƙwarai"? Na kirki daga cikin masu binciken sukan rubuta a ƙarshen rahotonsu cewa mutane kan faɗi abin da zai faranta wa mai tambaya rai, amma wannan layin ba ya taɓa hawa kan dandamalin taro.

Duk da haka babban aibin lissafin yana gaba. Waɗanda suka daure har aka gama da su, su kaɗai ake tambaya. Ba a tambayi magidancin da ya zauna kan benci tun hantsi har azahar, ya tuna bai bar cefane a gida ba, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ba a tambayi matar da ta kashe kuɗin mota ta tafi wani gari mai nisa don kada a gan ta a asibitin garinsu ba. Ba a tambayi saurayin da aka gaya masa sakamako a tsaye, ya fita bai ƙara waiwayar wurin ba sai bayan shekara uku da aka kawo shi ranga-ranga. Balle kuma wanda bai taɓa zuwa ba, don ya ji labarin maƙwabcinsa a wurin mai shayi, ya kuwa san ta inda labarin ya fito. Wannan daidai yake da ka tsaya a bakin rijiya ka tambayi waɗanda suka cika tulunansu ko guga na da kyau, ka manta da waɗanda suka koma gida da tulu wayam. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni cewa 95 cikin ɗari na masu ƙwayar su san suna da ita, 95 cikin ɗari na waɗanda suka sani su kama magani, 95 cikin ɗari na masu shan maganin kuma ƙwayar ta kwanta a jininsu. Ragowar da ba a kai gare su ba, su ne waɗannan masu tulu wayam, kuma ba mu ga takardar da ta bi su gida ta ji ta bakinsu ba.

ASIRI

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idodin da ta fitar a 2015, ta ce awo bai cika awo ba sai da yardar mutum, da rufin asirinsa, da shawara, da sakamako na gaskiya, da kuma haɗa shi da inda zai sami magani. Gwamnatinmu ta yarda da wannan, tana kuma cikin littattafan da ake koya wa ma'aikata. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kukan da ya fi zuwa mana shi ne na asiri. A wani wuri ɗakin shawarar labule ne kawai tsakaninsa da masu jiran layi, duk abin da aka faɗa a ciki yana kunnen na waje. A wani wuri an ware wa masu wannan ciwo gini nasu can gefe guda, da allo a ƙofa, da ranarsu ta musamman, har masu sayar da gyaɗa a bakin asibiti sun san duk wanda ya karkata ta wannan hanya. A wani wuri katinsu ya bambanta da na sauran majiyyata. A wani wuri kuma sai a leƙo ta taga a ƙwala wa dattijuwa kira da sunanta na yanka, da na ubanta, babu ko "Iya", a gaban mutum hamsin. Wanda ya tsara waɗannan abubuwa wataƙila sauƙin aiki ya nufa, amma bai taɓa zama a unguwar da ma'aikacin asibiti, da mai gadi, da mai shara duk 'yan'uwan wani ne ko surukansa ba.

Kada a ɗauka wannan maganar kunya ce kurum. In labari ya fita, mace takan rasa ɗakinta, mai tuwo-tuwo ta wayi gari ba mai sayen tuwonta, ɗan kwadago a ce ya huta tukuna, yarinya kuma a fasa aurenta har da na ƙannenta. Mutum ya san wannan sarai, shi ya sa yakan zaɓi ya zauna da shakka a cikinsa da ya je ya tabbatar a inda za a tona shi. Daga nan masu tallan magani a tasha da lasifika suke samun kasuwa, don su dai ba su da littafin rajista. Kada a yi mamakin yadda ake faɗawa hannunsu. Shugaban ƙasa guda, Yahya Jammeh na Gambiya, ya fito a 2007 ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganye, aka sa majiyyata suka ajiye maganin asibiti, waɗansu suka rasa rayukansu.

Doka kuwa akwai ta. A 2014 aka yi dokar tarayya da ta hana nuna wa masu ƙwayar bambanci, ta hana a tilasta wa mutum awo kafin a ɗauke shi aiki, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya bayyana sakamakon wani ba da yardarsa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ma ta 2014, ta ce abin da ya shafi ciwon majiyyaci amana ce. Tun 2004 aka kafa SERVICOM wai don jin koken jama'a a ma'aikatu, a 2018 kuma aka ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyaci da babban biki a Abuja. To, muna so Gwamnati ta gaya mana, tun 2014 zuwa yau mutum nawa aka gurfanar gaban alƙali don ya tona asirin majiyyaci? A asibitin ƙauye nawa aka manna takardar haƙƙoƙin nan da Hausa, ko da ajami, inda mai jiran layi zai gani? Akwatin koken da ke rataye a bango, wa ke riƙe da makullinsa, kuma wanda bai iya rubutu ba me zai jefa a ciki?

Sai maganar shawarar kanta, wadda ita ce rabin aikin. Awon ba shi da wuya. Za a soki yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 a ga alama. Amma akwai abubuwan da in ba a gaya wa mutum ba, awon zai iya cutar da shi. Tsinken nan abin da jiki ke ƙerawa don yaƙar ƙwayar shi yake nema, jiki kuwa yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku, kafin ya ƙera isasshe. Don haka wanda ya kamu a watan jiya yana iya zuwa yau a ce ba a ga komai ba, ya fita yana murna, alhali a wannan lokaci ne ƙwayar ta fi yawa a jininsa. Tilas a gaya masa ya dawo. Haka kuma in tsinke ɗaya ya nuna alama, ba a yanke wa mutum hukunci da shi, sai an sake da wani iri daban, har ma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashen da cutar ba ta yi yawa ba sai tsinke uku daban-daban sun yarda da juna, sa'an nan a sake aunawa kafin a fara magani. Mutum nawa ne cikin masu cewa sun gamsu suka san haka? Wanda bai san abin da ya kamata a yi masa ba, ta yaya zai san an rage masa? In ka ba baƙo rabin mudu ka ce masa mudun garinku ke nan, godiya zai yi maka.

Ba ƙananan ma'aikata muke tuhuma ba, ko da yake akwai marasa tarbiyya a cikinsu kamar kowace sana'a. Mun san da yawa da ke aiki tsakani da Allah, a asibitin Gwamnati da na mishan, har sukan bi majiyyaci gida da kuɗin aljihunsu. Amma da yawa daga masu ba da shawarar nan ba su cikin takardar albashin Gwamnati, 'yan sa-kai ne da ake ba ɗan alawus daga kuɗin taimakon waje, yau akwai gobe babu. Kuma abin da ake tambayarsu a ƙarshen wata shi ne mutum nawa ka auna, nawa ka samu, nawa ka ɗora kan magani. Babu gurbi a takardar da za a rubuta cewa yau na zauna awa guda da wata baiwar Allah har ta daina kuka ta fahimci ba mutuwa aka aiko mata ba. Wanda ya yi haka adadinsa zai ragu, a kira shi malalaci. Abin da shugaba ke ƙirgawa shi na ƙasa ke yi.

MATA DA MAGANAR AURE

Mata su suka fi shiga wannan ɗaki, domin awon ciki ke kai su. Wannan abu ne mai kyau, gama in ba a yi komai ba jariri 15 zuwa 45 cikin ɗari na uwaye masu ƙwayar kan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa, in kuwa uwa na kan magani sai abin ya koma ƙasa da 5. Amma binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna mace 67 cikin ɗari ce ke samun awon ciki a hannun ƙwararre, 39 kaɗai ke haihuwa a asibiti, a arewa maso yamma kuwa abin bai kai haka ba. Wadda ta samu ta zo, da izinin maigida da kuɗin mota da ƙyar, yaya ake yi da ita? A tara su ɗaki guda a yi musu jawabi, a ɗebi jini, wata ma ba ta san har da na ƙanjamau ake aunawa ba. In an same ta da ƙwayar sai a ce ta je ta turo mijinta. Jama'a, ku duba wannan kaya da aka ɗora mata. Wanda aka fara samu a gida shi ake cewa ya kawo, ko da ba shi ya kawo ba, ga kishiyoyi, ga uwar miji. Sau nawa ake zama da ita a tsara yadda za ta faɗa, ko a ce ta zo da shi a auna su tare kamar ba a taɓa auna ta ba, ko a tambaye ta ko akwai tsoron duka ko saki? Ga shi kuwa ita ma in an tare ta a ƙofa "na gode, Allah ya saka" za ta ce.

A Kano tun 2012 ake auna ma'aurata a auren zawarawa da Hisba ke shiryawa, a Mayun 2024 kuma aka sa hannu kan dokar jiha da ta wajabta awon ƙanjamau, da na ciwon hanta, da na sikila kafin a ɗaura aure. Nufin dokar ba mu ja da shi, don mun ga yaran da aka haifa cikin wahalar da awo ɗaya zai iya karewa. Amma tun da awon ya zama tilas, to, nauyin da ke kan Gwamnati ya ninka, gama wanda aka tilasta wa zuwa ba za a ce yawan zuwansa alamar gamsuwa ce ba. Wa ke karɓar takardar sakamako, ango da amarya ko waliyyai? Wa ke zama da su ya gaya musu cewa ko ɗaya na da ƙwayar ɗaya ba shi da ita, da magani suna iya aure su haifi 'ya'ya lafiyayyu, in sun so? Limamai da fastoci an koya musu abin da za su yi da abin da idonsu ya gani? In asiri bai rufu ba, takardar jabu ce za ta yi kasuwa, dokar kuma ta zama hanyar cin abincin waɗansu.

Masu mulki kan yi fushi in an ce jama'a ba su amince da su ba, su ce jahilci ne. A tuna musu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara wajen 200, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai bayan gwajin nan, a 2003, jita-jita ta tashi wai an sa maganin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau cikin rigakafin shan-inna, aka dakatar da rigakafin a Kano har 2004, cutar ta bazu zuwa waɗansu ƙasashe. Jita-jitar ƙarya ce, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Da me aka shawo kan mutane har aka wayi gari a 2020 aka ce an kawar da shan-inna na daji daga Afirka? Sai da aka sauko aka zauna da sarakuna da malamai da masu unguwanni, aka ɗauki matan unguwa suka shiga gida-gida. An san hanyar, an taɓa bin ta.

KAYAN ARO

Dalilin da ya sa ba a damu da jin ta bakin talaka ba, mu a ganinmu, shi ne ba shi ake yi wa lissafi ba. Mafi yawan kuɗin awo da magani daga waje suke zuwa, daga Asusun Duniya da aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR na Amurka da aka fara a 2003, wanda ya kashe fiye da dala biliyan 6 a ƙasar nan. Mun gode musu, rayuka sun tsira. Amma rahoto inda kuɗi ya fito can yake nufa. A Afirilun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi, fiye da shekara ashirin bayan haka kasonmu na tarayya yawanci bai wuce 4 zuwa 6 ba. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu aka dakatar da taimakon Amurka na waje. Ko da yake an sassauta wa maganin ceton rai bayan 'yan kwanaki, masu bi unguwa-unguwa suna awo da shawara da yawa sun tsaya, daga baya aka rushe hukumar USAID ɗungum. Sai a lokacin Majalisar Zartarwa ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magani, aka kuma ƙara dala miliyan 200 cikin kasafin lafiya na 2025. Madalla, amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma ba a ranar aka fara faɗa musu ba.

Abin da muke nema ba ya buƙatar dala. A fid da tambayar nan daga harabar asibiti. A ba da ita ga waɗanda suka san zafin abin, kamar ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar ta ƙasa, NEPWHAN, su tambayi 'yan'uwansu bayan makonni, a inda mutum ya zaɓa, da harshensa, mace ta tambayi mace. A daina "ka gamsu?", a tambayi abin da ya faru: ƙarfe nawa ka zo, ƙarfe nawa ka fita, akwai wanda ke jin maganarku, an nemi yardarka kafin a soki yatsanka, an ce ka dawo, nawa ka biya, don magani kyauta ne amma an sha karɓar kuɗin kati da na waɗansu gwaje-gwaje. Kowane asibiti ya ƙirga waɗanda aka samu da ƙwayar ba su dawo ba, wannan adadi shi ne amsar gaskiya. A karanta sakamakon kowace ƙaramar hukuma a rediyo da Hausa. A rushe ƙofar musamman, kowa ya bi ƙofa ɗaya da kati iri ɗaya. Tsinken da mutum ke auna kansa a ɗakinsa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2016, a wadata shi a kantin magani da farashin da talaka zai iya, tare da bayanin cewa in ya nuna alama sai an tabbatar a asibiti. Masu ba da shawara kuma a sa su cikin takardar albashin jiha.

Wakilanmu a majalisun jihohi za su gabatar da waɗannan tambayoyi ga kwamishinonin lafiya, za mu kuwa buga amsar kowa yadda ya ba da ita, wanda ya yi shiru mu buga cewa ya yi shiru. Kafin nan muna umartar sakatarorin rassa na kowace gunduma su buɗe littafi don karɓar koken duk wanda ya je awo, ɗan jam'iyyarmu ne ko ba namu ba, shugabannin mata su karɓi na mata, a aiko ofishinmu ƙarshen kowane wata. Kada a rubuta sunan kowa, kada a tambaye shi sakamakonsa. A rubuta rana, da gari, da abin da aka yi masa.